Dabinon da Na Aika Gida

A garinmu ni matacce ne. An yi mini salla, an kai ni makwanci, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai. Kabarina yana nan gabas da gari, wanda ke kwance a ciki kuma Allah kaɗai ya san ko ɗan wane ne. Ni kuwa ga ni a Dubai, a unguwar Al Ras cikin Deira, ina ɗaure kayan mutane a wani shagon kago, inda ake tura kayan 'yan kasuwa gida. Shekara shida na yi a haka. Muddin ina so uwata da yayana su ci gaba da kwana da ransu a gidanmu, to dole in ci gaba da zama matacce. Aiki ɗaya ke nan da aka ba ni a duniya, shi ma ban iya ba.

Akwai mutumin da ya mallake mu. Ba zan rubuta sunansa ba, ko a gida ba ma kama shi, Mai Daji muke ce masa. Ba gadon sarauta ya yi ba, ba zaɓensa aka yi ba. Da babura ya zo, da samari masu bindiga, kafin damina biyu ta wuce ya zama shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne gwamna. Ba a ɗaura aure sai ya sani. Ba a cin kasuwa sai ya yarda. Kwana uku a mako gonarsa muke yi, da fartanyarmu, da abincinmu. Hukuma takan zo da hantsi a mota, a tara mu a yi mana jawabi, ta koma kafin la'asar. Shi kuwa nan yake kwana.

Mu uku muka ce mun gaji: ni, da wani tsohon maharbi, da telan unguwarmu. Ni ubana suka harbe a gona saboda ya riƙe igiyar shanun huɗarsa bai saki da wuri ba. Maharbi hana shi shiga dajin da ya tsufa a ciki suka yi. Tela kuwa mutum ne mai sanyi, ko kaza ba ya iya yankawa, amma sun kwantar da shi a bakin shagonsa sun zane shi a gaban 'ya'yansa, wai wandon da ya ɗinka wa ɗayansu ya matse. Kada wani ya ɗauka sojoji ne mu. Bindigogin toka biyu muke da su, sai zuciya, ita ma ba kullum ba.

Karo na farko a mashigin rafi muka tsare Mai Daji, inda yashi ke riƙe tayar babur, dole mutum ya rage gudu. Kwana biyu muna kwance cikin ciyawa sauro yana cinmu. Rana ta biyu da azahar ya zo, shi ne na uku a jere. Maharbi ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, ta yi shiru, albarushi ya sha danshin damina. Tawa ta tashi, amma wanda ke goye a bayansa ta samu. Muka tsere ta cikin dawa, babu wanda ya ga fuskarmu. Washegari ya ƙone wani ɗan ƙauye da ke hayin rafin, mutanen da ko labarinmu ba su taɓa ji ba. Mu muka harba, su aka binne. Har da ni aka je ta'aziyya, na zauna a tabarma ina cewa Allah ya ji ƙansu.

Mai hankali da nan ya tsaya. Mu muka sake.

Karo na biyu da kaka ne, muna yanke masa dawa. Yakan zo da rana tsaka ya zauna a inuwa ya ga aiki, kuma yana son furar gidan tela, har aike yake yi a kawo masa. Maharbi ya san itatuwa. Abin da ya haɗa ban tambaye shi ba, na dai ga tela ya kawo ƙwarya rufe da faifai, ya durƙusa ya ajiye. Ina nesa kaɗan ina kallo ta ƙasan ido. Mai Daji ya buɗe, ya juya da ludayi, ya ɗebo. Sai ya ɗaga kai ya ga limaminmu, tsoho tukuf, da shi ma aka fito da shi aikin, yana tsugune leɓɓansa sun bushe.

"Malam, bismilla," ya ce, ya miƙa masa ludayin.

Mutumin da ke ƙone gari, amma bai bar tayi ba. Wannan ne ba mu kawo a ranmu ba. Liman bai san komai ba, ƙishirwa kuma ta ci shi tun safe, ya sa hannu biyu ya karɓa. Tela ya yi tsalle ya doke ludayin. Shi ke nan. Ba sai an tambayi kowa komai ba.

Ban tsaya in ga abin da suka yi wa tela ba. Na ji dai daga baya cewa ya daɗe bai mutu ba, kuma kafin ya cika ya faɗi sunan maharbi da nawa. Ban riƙe shi a zuciya ba, ni da tun bulalar farko zan faɗa. Maharbi a ɗakinsa suka same shi, bai ma gudu ba. Ni na shiga daji.

Mai Daji ya aiko cewa ko a fito da ni, ko a ƙone gidanmu da mutanen ciki. Yayana ne ya yi dabara. Shi manomi ne, ba ruwansa, tun farko ya ce mini abin da muke ƙullawa ba kanmu kaɗai zai ci ba. A lokacin gawa ba ta wuya a dajinmu. Ya same ni inda nake ɓoye, ya karɓi rigata da hulata da layar da ke damtsena. Bayan kwana huɗu aka tsinci wani bawan Allah da ungulaye suka riga suka ɓata wa fuska, sanye da kayana. Yaya ya tsaya a gaban jama'a ya ce ƙanensa ne. Mai Daji ya turo mutum biyu suka zauna a zaman makoki, ba don ta'aziyya ba, don su ji kukan Inna ko na gaske ne. Na gaske ne. Yaya bai gaya mata ba. Ya ce Inna ba ta iya ƙarya ba, ranar da ta sani, ranar gari ya sani.

Matata ta yi takaba ta gama, bayan shekara ta auri wani. Yaya yana wurin ɗaurin auren, ya karɓi goro, ya shafa fatiha, bakinsa a rufe.

Na yi dako a Kano kusan shekara, har wani mai kaya ya ga ina da ƙarfi kuma ba ni da surutu, ya yi mini hanyar biza.

Masu cewa Dubai, Dubai, su zo su ga tawa Dubai ɗin. Gado ne mai hawa biyu a ɗakin da muke mu takwas, sai shago, sai masallaci. 'Yan kasuwa su sayo kaya, takalma ne, turare ne, kayan waya ne, su kawo mana. Mu danne, mu sa a buhu, mu naɗe da salatif, mu ɗora a sikeli, mu rubuta alamar mai kaya. Na kwantena mota ta kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Mai shagon yana tsaye yana yalla, yalla, wato maza-maza, kamar kayan za su ruɓe. Ban damu ba. Aikin ya yi mini, don buhu ba ya tambayar mutum garinsu.

Mutane ne ke tambaya. Bahaushe ko ruwa ka miƙa masa sai ya ji kai ɗan ina ne. Kowa na ce masa Kano, Kano tana da faɗi, ta isa ta ɓoye mutum. In na ji wani ya shigo da harshen wajenmu, sai in sulale bayan shago in ce zan ɗauko buhu. Yaya kuma sai ya yi wata uku ko huɗu sannan ya kira ni, minti biyu. Inna tana lafiya, ƙafa ce dai. An yi ruwa, ko ba a yi ba. Ya kashe, ya goge lambar.

Ranar da abin ya lalace ina durƙushe ne ina naɗe katan ɗin takalma, ban ji shigowar mai kayan ba. Wani dattijo ne mai furfura a gemu, ɗan kasuwa ba babba can ba, irin masu zuwa sau biyu a shekara. Ya ɗauki hoton kayansa da waya kamar yadda duk suke yi, don su tura wa mai karɓa a gida. Sai na ji ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗago in gan ka."

Na ɗago.

"Kai ba ɗan gidan mai shanun huɗa ba ne, na bayan masallacin Juma'a?"

"A'a, Alhaji, ni ɗan Kano ne."

"Kano ta gidanku! Wannan goshin a Kano aka ƙera shi? Shekara nawa ina sayen gyaɗa a hannun ubanka kafin in koma birni? Kai ne ƙaramin, mai rigima."

Na buɗe baki zan sake musu, sai ya sassauta murya. "Na ji abin da ya sami tsoho, ban samu na zo ba. Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki ne, bai taɓa sa mini tsakuwa a buhu ba."

Nan ƙarya ta ƙare mini. Shekara shida babu wanda ya ambaci ubana a gabana. Na ce amin, hawaye ya zo.

Da aka tashi hutun rana ya ja ni bakin ruwa, inda ƙananan jirage ke ɗaukar mutane zuwa hayi, ya saya mana shayin karak. Labarin mutuwar ubana ya kai masa Kano, nawa bai kai ba. Wa zai ɗauki labarin irina ya kai birni? Ya ce ai yanzu an yi sulhu a wajenmu, ana ba Mai Daji abin da ya yanka, shi kuma ya bar hanya ranar kasuwa. Ya ce in ya koma zai leƙa ƙanwarsa da ke aure a garinmu, rabonsa da ita tun kafin tashin hankali.

"Ba ka da saƙo?"

Tambayar ke nan. Kowa yana yin ta, kowa yana amsa ta. Mutum zai je har ƙofar gidanku, ka ce ba ka da ko gaisuwa? Na san amsar da ta kamata. Amma sai na tuna Inna da dabino. In azumi ya zo takan sami guda uku busassu ta jiƙa a ruwa saboda haƙora, ta yi ta tsotsa. Ni kuma ga ni a garin da dabino ke jibge kamar ƙasa, mai laushi wanda ba ya buƙatar haƙori, ina wuce shi safe da yamma.

Na ce, "Akwai, Alhaji. Amma Yaya za ka ba, hannu da hannu. Kuma don Allah kada a ji ka gan ni."

Ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. "'Yan Dubai! Tsoron 'yan bani-bani kuke yi ko? Kada a ji, gobe a ce maka rufin ɗaki ya yaye. Kwantar da hankalinka, habibi, ba mai ji a bakina."

Na bar shi a kan haka. A nan laifina yake. Magana kaɗan ta isa: Alhaji, a gida an binne ni, in aka ji ina da rai za a kashe yayana. Ban faɗa ba. Na ji tsoron in ya san ni ne na harbi Mai Daji zai ƙi karɓar saƙon. Kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin yadda yake kallona, ɗan mutumin kirki da ya zo Dubai neman halal. Ban so in ɓata wannan ba.

Na sayi dabino katan guda, mafi kyau da na samu a layin masu kayan yaji. Na naɗe shi da hannuna, naɗin da ban taɓa yi wa kayan kowa ba. A tunanina Yaya zai karɓa, ya ƙone kwalin, ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ya ce a kasuwa ya saya.

Abin da ya faru a can, rabi daga bakin Alhajin na ji, rabi daga bakin Yaya.

Alhajin ya isa garinmu da hantsi ranar kasuwa. Ashe Mai Daji ya riƙe mutane a gona ranar, Yaya ba zai dawo ba sai la'asar, motar da ta kawo Alhaji kuma ba za ta jira la'asar ba. Ya yi sallama a ƙofar gida, Inna ta dogaro sanda ta fito zaure. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyyar tsoho. Sai ya ga bai dace ya ajiye kaya ya juya kamar ɗan aike ba. Ya gaya mini daga baya, yana kuka, "Na ɗauka dangi kake gudu. Wane Musulmi ne zai ɓoye wa uwa ɗanta?"

Ya ce mata, "Inna, ga tsaraba. Ɗanki na Dubai yana gaishe ki."

Ta ce ba ta da ɗa a Dubai. 'Ya'yanta maza biyu ne, ɗaya yana gona, ɗaya yana ƙasa. Ya ce wallahi da shi ya sha shayi. Ta ce ya ji tsoron Allah, kada ya yi wasa da tsohuwa. Sai ya ciro waya ya nemo hoton takalmansa. Ga ni a gefe, durƙushe, da salatif a hannu.

Ya ce ta daɗe tana kallo, tana shafa gilashin da yatsa. Daga nan ta saki sandar ta yi sujada a ƙasan zauren, ba tabarma ba komai. Shi kuma ya ɗauka kuskure aka yi irin na lokacin tashin hankali, aka binne wani a madadina. Ya bar garin yana jin ya yi aikin lada.

Tsaraba a wajenmu ba a cin ta a ɗaka. Ko goro ɗaya aka kawo maka daga tafiya, sai ka fasa ka miƙa wa maƙwabci. Balle wannan da ba tsaraba kaɗai ba ce, sadakar godiya ce. Ba wai ta manta da Mai Daji ba ne, ta ɗauka sulhu sulhu ne, abin da ya wuce ya wuce. Ta sa aka yanke naɗin nan nawa, ta zauna da faifai, bakwai-bakwai, gida-gida, har gidan liman, har gidan da tsohuwar matata ke aure. Duk wanda aka kai wa sai ya tambaya daga ina, don haka ake yi, a san wanda za a sa wa albarka. Kafin la'asar mata sun cika gidan ana guɗa. Yaya ya dawo da fartanya a kafaɗa ya tarar da takalma a ƙofar ɗakin Inna kamar ranar suna.

Washegari da safe ya hau tudun da ake samun sabis ya kira ni. Ina cikin loda mota.

"Me na yi maka?" Abin da ya fara cewa ke nan, ko sallama babu.

"Yaya, lafiya?"

"Shekara shida ina kallon tsohuwar nan tana kuka ina haɗiye magana. Na sa wa gawar wani rigarka da hannuna. Na ci goron auren matarka. Kai kuma dabino ya dame ka."

Na zauna a bakin titi. Na ce su fita, yau, yanzu, su bar komai.

"Mu fita da me? Inna a kai zan ɗauke ta? Hanya sai kasuwa ta zagayo." Sai ya ce, "Ka san tun jiya take dariya? Har na manta yadda dariyarta take. Ban ma iya yi mata faɗa ba."

Ba su kai ranar kasuwa ba. Kwana biyu bayan haka mutum huɗu suka zo a babura, suka yi sallama da ladabi, suka ce Mai Daji ya ji an raba dabino a gari ba a kai masa nasa ba, ko an raina shi ne? Inna ta juye musu abin da ya rage. Suka ce Yaya ya zo ya kai da kansa.

Da wayar Yaya Mai Daji ya kira ni. Ina cin abincin rana a bayan shago.

"Salamu alaikum, mamaci. Ya lahira?"

Ban taɓa jin muryarsa kusa haka ba. Siririya ce, kamar ta mai tallan magani.

"Ashe lahirar taku har da dabino. Mun ci, mun gode, Allah ya ƙara arziki. To ka ji, ni ba na son kuɗinka, kada ma ka fara. Kai nake so. Ka harbe ni, ka ba ni guba, ka kuma sa na aika mutane zaman makokinka. Na ukun nan ya fi yi mini ciwo. Kwana goma. Ka zo da ƙafarka, yayanka ya koma gonarsa."

Na ce ya ba ni shi in ji muryarsa. Aka ba shi. Numfashinsa kawai na fara ji.

"Yaya."

"Kada ka zo," ya ce da sauri. "Ko ka zo ba zai bar ni ba. Ka riƙe Inna." Sai na ji ƙarar duka, wayar ta mutu.

Na je wurin mai shago na ce ya ba ni fasfona. Ya fara mita, wai lokacin kaya ne, in bari sai wata mai zuwa. Da ya ga idona ya buɗe durowa ya miƙo, ya ce halas, shi ke nan, tafi. Alhajin takalma ya kira daga Kano ya fi sau goma, shi ya saya mini tikiti. A ɗakinmu kuwa da suka ji labarin kowa ya zama malami. Wannan ya ce namiji ba ya barin ɗan'uwansa a hannu, wancan ya ce zuwa kashe kai ne, kuma haramun ne. Har suka kusa dambe, ni ina kwance a gadon sama ina kallon silin.

Ranar tafiya na yi wanka, na sa sabuwar riga, na hau jirgin ƙasa zuwa filin jirgi. Na shiga layi. Mutum uku ne a gabana, sai biyu, sai ɗaya. Matar da ke kan tebur ta miƙo hannu za ta karɓi fasfo. Ƙafafuna suka ƙi. Ba misali nake yi ba, ƙi suka yi. Ba abin da ke kaina sai abin da za su yi mini kafin su bar ni in mutu. Na ce wa na bayana ya wuce. Na ce wa na bayansa ma ya wuce. Na koma na zauna a kujera har aka cire sunan jirgin daga allo. Da la'asar ina shago ina naɗe kayan wani.

Zan iya cewa maganar Yaya na bi, shi ya ce kada in zo, kuma shi ne babba. Mutane da yawa sun ba ni wannan maganar in riƙe, har Alhajin. Wataƙila ma gaskiya ne, da na je da mu biyu za a kashe. Amma ni na san abin da ya riƙe ni a layin nan, kuma ba biyayya ba ce.

Rana ta goma sha ɗaya suka ajiye gawar Yaya a bakin gari. Maƙwabta suka yi masa sutura. Da kasuwa ta zagayo Alhajin ya turo mota aka kwashe Inna da matar Yaya da 'ya'yansa zuwa Kano, ya ba su ɗaki biyu a gidansa, yana neman gafarar da ba shi ya kamata ya nema ba. Mai Daji yana nan. Bana ma an ce dawarsa ta yi kyau.

Duk Juma'a bayan an sauko ina kiran Inna. Mu gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi ko ina cin abinci. Daga nan sai ta fara.

"Ni na kashe shi. Da hannuna na ƙirga, bakwai-bakwai."

"Inna, ni na aiko."

"Uwarka ka aiko wa. Wane laifi ne ɗa ya aiko wa uwarsa? Ni ce ban iya riƙe bakina ba."

"Ni na ƙi zuwa, Inna."

"Da ka zo da ban yafe maka ba."

Haka muke yi, ita ta ja, ni in ja, kamar masu rigimar gado. Ba ta taɓa ambatar wanda ya yi kisan ba, ni ma ban taɓa ba. Makon jiya ta gaji da wuri, ina jin 'ya'yan Yaya suna wasa a tsakar gida. Can ta ce in yi haƙuri, ita tana so ta kwanta. Na ce to. Na jira ta kashe, ashe ba ta san inda ake dannawa ba. Na zauna a matakalar masallaci da waya a kunne, ina jin tana jan ƙafa zuwa ɗaki, har katina ya ƙare.